Maki Biyar na Kakakin Kamfanin Sabulu

Ni na fara hango wannan abin, tun kafin waɗanda suka ƙirƙiro shi su san za su ƙirƙiro shi. Ranar da na ga masu irin aikinmu sun fara rataya kati a wuya kamar awakin da aka yi wa allura, na ce wa direban manaja, "Ka riƙe maganar nan, wata rana sai an tambayi mutum takarda kafin ya buɗe baki." Ya yi dariya har da dukan sitiyari. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai ga ranar ba. Ni na gani.

Shekara talatin da huɗu ni ne bakin kamfanin sabulu. Da gadi na fara. Wata rana hayaƙin inji ya baƙanta shanyar matan unguwar bayanmu, suka taso ƙofa da zannuwansu a hannu, manajan lokacin ya shige banɗaki ya sa sakata. Ni na tsaya. Kafin rana ta karkata matan sun koma gida, wasu har da yi mini sai an jima. Tun ranar aka ɗauke ni daga bakin ƙofa, aka ba ni kujera da tebur a gindin matakala, aka sa mini Kakaki. Na ga manaja biyar da gobara biyu. An sayar da kamfanin sau biyu, duk wanda ya saya a ciki ya tarar da ni, kamar ginshiƙi. Ban taɓa zama a aji ba. Da babban yatsa nake sa hannu, kuma har yau ba a sami wanda ya kwaikwaye shi ba. Masu biro su faɗi haka in sun isa.

Manajan yanzu na san shi tun yana zuwa da gajeren wando ya jira babansa. Shi ya kira ni ofis ran nan, ya rufe ƙofa, ya tambayi lafiyar gwiwata har sau biyu. Nan na san akwai magana.

"Baba, Ƙungiyar Masu Hulɗa da Jama'a ce ta aiko. Daga ƙarshen watan gobe, duk wanda ba shi da takardar shaidarsu ba zai ƙara magana da sunan kamfani ba."

"Su wa suka ba su tasu takardar?"

"Baba, ba ni na yi dokar ba."

"To in ban samu ba fa?"

Ya dubi fanka. "Akwai Mai Digiri."

Mai Digiri mutum ne mai kimanin shekara arba'in, an ɗauke shi bara yana rubuta mana abin da ake sawa a waya. Teburinsa na cikin sito, tsakanin kwalaye. Ba shi da laifi, yana gaishe ni da rusunawa. Amma na sha kama idonsa yana auna kujerata.

Na kai takardar da ƙungiyar ta aiko gida. Autata malamar asibiti ce, ita ke karanta mini abin da ya dace a karanta. Ta zauna a hannun kujera ta bi ta layi-layi.

"Baba, sun bar wa tsofaffin hannu hanya. Maki sittin ake nema. Daɗewa a aiki talatin, ka cinye wannan. Fayil na shaidar aiki, har ashirin. Gwaji a gaban kwamiti, har ashirin. Sai taron bita, duk wanda ka halarta maki biyar. Akwai guda uku kafin wa'adi. Bari in sa sunanka."

"A koya wa wa?"

"A koya maka."

"Auta, kin taɓa ganin an kai kifi makarantar iyo?"

"Na ga an kai shi kasuwa," in ji ta. Halin uwarta ta ɗauko.

Ban je bita ba. Talatin da ashirin da ashirin saba'in ne, har da rarar goma da zan iya ba wani mabuƙaci.

Ranar kwamiti na sa farar rigata, Auta ta ɗauko fayil. Ofishin ƙungiyar a hawa na biyu yake, an shimfiɗa jan kafet, ga dogon tebur da robobin ruwa waɗanda ba wanda ya buɗe. Mutum uku ne. A tsakiya Shugaba, mace mai furfura a gefen ɗankwali, ba ta dariya ba ta ɗaure fuska. A damanta wani Mai Tabarau, an ce malamin jami'a ne. A hagu Sakatare, siririn mutum rungume da littafin dokoki kamar za a ƙwace.

Na ajiye musu jaridu goma sha huɗu, tsofaffi, wasu sun yi ja. A akwatin ƙarfe nake ajiye su tun shekaru. Suka rarraba suna buɗawa.

Mai Tabarau ya ɗago. "Baba, ina jin an yi kuskuren fayil. Babu sunan kamfaninku a ko ɗaya."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba."

"To alhamdulillahi. Aikin ke nan."

Na ɗauki ta sama. "Wannan ta washegarin ranar da motarmu ta rushe katangar makaranta ce. Wannan, ranar da tankin ruwan wanki ya fashe. Wannan, ranar da aka sami ƙusa a cikin sabulu. Kowace ɗaya in ta fito sai in saya, in sa a duba mini daga shafin farko har na ƙwallo. In ba sunanmu, in ninke in ajiye."

"Ai in haka ne," in ji Mai Tabarau, "ni ma zan iya kwaso jaridun gidana in ce aikina ne."

"Kwaso, malam. Amma ka faɗa mini abin da ya faru ana gobe za a buga su."

Shugaba ta ajiye biro. "Baba, zan tambaye ka kai tsaye. Kuɗi kake ba 'yan jarida a ambulan?"

Da ba mace ba ce, kuma da ba a zaune take a kujerar shugabanci ba, da ta ji amsar da ban taɓa ba kowa ba. Na haɗiye.

"Ranki ya daɗe, ɗan jarida ba ya buga katanga. Mai katanga yake bugawa, in ya same shi yana huci. Ni kuma ina riga shi zuwa. In je in tsaya a cikin ɓarnar, in ce mu muka yi, ba iska ba ce, ba ƙaddara ba ce. In koma in jawo manaja da hannu ya zo ya gani. Kafin ɗan jarida ya gama neman abin hawa, magina sun fara kwaɓa siminti, mai gida yana nuna musu inda za su ƙara masa taga. Ya zo ya ga me? Ba wanda na taɓa hanawa shiga. Har kujera nake ba su."

Sakatare ya buɗe littafinsa. Doka ta ce shaidar aiki ita ce abin da aka buga ko aka watsa. Ba ta ce komai ba game da abin da ba a buga ba. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, suka raba abin biyu, suka ba ni goma.

Ban damu ba. Saura gwaji, kuma magana ce. Ni da magana kuwa, sai dai in an gaji.

Mai Tabarau ya yi bayani. "Ka ƙaddara tankinku ya fashe yau da safe, ruwa mai kumfa ya shiga gidajen mutane. Mu uku 'yan jarida ne. Kana da minti goma. Bismillah."

Sakatare ya danna agogo. Mai Tabarau ya miƙo mini biro a matsayin abin magana. "Kakaki, me kamfani zai ce?"

"Wane layi ruwan ya bi?"

"Ka ƙaddara kowanne."

"Gida nawa?"

"Baba, ba gaske ba ne."

"Na sani ba gaske ba ne, ba a kaina aka fara wasa ba. Akwai tsoho ko mai jego a ciki?"

"Ba a rubuta ba."

"Wato ba wanda ya je."

"Lokaci na tafiya," in ji Sakatare.

Na miƙe. Na ce musu, "'Yan jarida, ku sha ruwa, ina zuwa." Na fita.

Auta na zaune a baranda, ta zaro ido. Ban tsaya ba. Na sauka matakala biyu da wannan gwiwar tawa, na zagaya bayan ginin inda na ga famfo da shigowarmu. Na naɗe wando zuwa gwiwa, na buɗe ruwa a ƙafafuna, na shiga cikin fulawowinsu na taka sau huɗu. Mai ban ruwa ya buɗe baki, na ce masa aikin ƙungiya ne. Na hau sama.

Sawuna ya fito ɗaya bayan ɗaya a jan kafet. Sakatare ya bi su da ido tun daga ƙofa.

"Minti biyu ya rage," in ji shi, da wata irin murya.

"Ya isa. Daga can nake. Tankinmu ne, laifinmu ne. Na shiga gidajen, an kwashe tsofaffi zuwa bushasshen wuri, manaja na can da bokiti. Wanda yake son gani ya biyo ni yanzu, amma ya cire takalmin ofis."

Mai Tabarau ya sake miƙo biro. "Ko za ka gaya mana abin da ya jawo fashewar?"

"Ban sani ba tukuna. In na sani za ka ji daga bakina kafin ka ji a teburin mai shayi."

Agogo ya yi ƙara.

Shugaba ta daɗe tana kallon ƙafafuna. "Me ya sa ka jiƙa su?"

"Ranki ya daɗe, ban taɓa tsayawa gaban 'yan jarida da busasshiyar ƙafa ba. Mutum kafin ya saurari bakinka, ƙafarka yake dubawa. Ba zan fara yau ba don abin na ƙarya ne."

Fom ɗinsu yana da gidaje huɗu, kowanne maki biyar: faɗin gaskiya, natsuwa, taƙaita saƙo, da amfani da lokaci. Uku na farko na cinye su tas. Na huɗun Sakatare ya ce minti takwas cikin goma ba na ɗakin, don haka ba abin da zai rubuta sai ƙwai.

Ya haɗa. Talatin, da goma, da goma sha biyar.

"Hamsin da biyar. Saura biyar."

"A sake haɗawa."

Ya sake. Bai ƙaru ba.

Muka shiga mota. Sai da muka kusa gida Auta ta ce, "Bita biyu sun wuce. Na ƙarshe ranar Alhamis ne, wa'adi Juma'a. Na kira su, kujera arba'in ce, duk an cika."

"Ai dama ban ce zan je ba."

"Na sani, Baba. Kifi."

Litinin da na je aiki na tarar an share gindin matakala, an jawo wayar wuta zuwa kusa da teburina. Ni ba na amfani da wuta. Mai Digiri ya gaishe ni ya rusuna fiye da kullum. Manaja ya aiko mini da shayi, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna na sha. A shekara talatin da huɗu ban taɓa lura cewa kujerar nan tana da ɗan karkata hagu ba sai ranar. Jikina ne ya sassaƙa ta haka. Ba zan ce na ji tsoro ba. Rabin shayin dai na bari ya huce.

Talata Shugaba ta kira wayar Auta. Wanda zai koyar ranar Alhamis ya yi tafiya. Tana so in zo in yi wa mahalarta bayanin yadda ake tarar ɓarna.

"Ki ce mata wanda bai ci jarrabawa ba ba ya koyarwa."

Auta ta rufe bakin wayar da hannu. "Baba, ka shekara talatin kana neman wanda zai zauna ya saurare ka awa biyu bai katse ka ba. Ga mutum arba'in an kulle maka a ɗaki."

Na ga maganarta da ƙamshin gaskiya. Na amsa.

Zauren bitar na ƙasan ginin ne. Kujera arba'in, mutum arba'in, kowa da kati a wuya da littafi a cinya. Mai Digiri na layi na biyu. Shi ma yana tara makin sabunta tasa takardar. Shugaba da Sakatare na gefe. Aka miƙo mini makirufo na ce a mayar, muryata ta taɓa tsayar da mata sittin ba da batir ba.

Na yi awa biyu a tsaye. Na gaya musu kada su aika takarda inda ƙafa za ta iya zuwa. Na gaya musu in za ka ba da haƙuri ka cire "idan" daga ciki, don "idan mun ɓata muku" zagi ne da ya yi wanka. Na gaya musu a kowane layi akwai mutum ɗaya da in ya huce kowa ya huce, kuma ba lallai ne mai babban gida ba, sau da yawa mai gyaran keke ne. Na koya musu yadda ake jan manaja zuwa wurin ɓarna ba tare da ya gane jan sa ake yi ba. Suna ta rubutu. Wata ta ɗaga hannu ta tambayi sunan wannan tsarin a littafi. Na ce mata ba a kai ga sa masa suna ba, tana iya sa nata.

Da na gama aka tafa. Sakatare ya fito da rajista, aka yi layi, kowa na sa hannu. Mai Digiri ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Yau na ci maki biyar a bakinka."

"Nawa?"

"Biyar. Kowa a nan biyar."

Na dubi layin. Mutum arba'in, kowa na tafiya da biyar-biyar daga gonata, mai gona kuma zai koma da fartanya. Na je na tsaya a bayan na ƙarshe. Da layi ya zo kaina na miƙa yatsa.

"Ina tawada?"

Sakatare ya janye rajistar. "Baba, kai ne malami."

"Na sani. Ina tawada?"

"Makin malami na 'yan ƙungiya ne masu takarda."

"Ban nemi na malami ba. Na mai sauraro nake nema. Karanta mini abin da littafinka ya ce."

Ya buɗe, don ba ya iya ƙin buɗewa. "Duk wanda ya halarci bita daga farko har ƙarshe, ya saurari darasi, yana da maki biyar."

"Na halarta?"

"Ka halarta, amma..."

"Na fita?"

"Ba ka fita ba."

"Wancan mai jar hular ya fita sau biyu amsa waya, ka ba shi. Na bayansa ya yi barci tun ina labarin katangar makaranta bai farka ba sai a na ƙusa, ka ba shi. A ɗakin nan wa ya fi ni kusa da bakin mai magana? Ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Har wadda bai faɗa ba na ji."

Mutanen da suka kai ƙofa suka dawo.

Sakatare ya juya shafi, ya sami abin riƙewa. "Bita na mutum arba'in ne. Kujera arba'in. An cika."

"Na zauna a kujerar wani?"

Ya dubi kujerun.

"Awa biyu ina tsaye da wannan gwiwar. Kirga kujerunka, in ɗaya ta yi ƙorafi a cire ni."

Ya juya wajen Shugaba. Ita kuwa ta karɓi littafin, ta karanta wurin da kanta, ta juya gaba, ta juya baya.

"Doka ba ta ce mai sauraro ba zai zama shi ne mai magana ba," in ji ta. "Amma tana son wani ɗan ƙungiya ya shaida cewa mutum ya zauna har ƙarshe, in sunansa ba ya cikin jerin farko. Akwai mai shaida?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Yawancinsu ba su san ni ba sai yau, kuma ba mai son ɓata da Sakatare. Mutum ɗaya ne ya san ni, shi ne kuma wanda aka jawo wa wayar wuta zuwa gindin matakala. Na ga ya dubi ƙasa. Na ga ya gyara katin wuyansa. Ban roƙe shi ba, ban ma dube shi sosai ba. Ban taɓa roƙo ba sai wurin Allah.

"Ni na shaida," in ji Mai Digiri. "Bai zauna ba dai. Amma yana nan har ƙarshe."

"A rubuta ya tsaya har ƙarshe," in ji Shugaba.

Sakatare ya nemo tawada a aljihun tebur, ta bushe, sai da aka ɗiga mata ruwa. Na dangwala a layi na arba'in da ɗaya, wanda ya ja da rula da hannunsa yana huci. Shugaba ta ce masa a taron gaba a gyara wannan dokar. An gyara kuwa. Ni kaɗai na bi ta ƙofar nan kafin a toshe ta, kuma haka ya kamata.

Da muka fito na ce wa Mai Digiri, "Kai, ka san abin da ka yi wa kanka?"

"Na sani, Baba. Sito ba zafi sosai in an buɗe taga."

Washegari na sa aka fito da teburinsa daga cikin kwalaye aka ajiye kusa da nawa, tunda wutar an riga an jawo, kada ta yi asara. Shi yana rubutu, ni ina magana. Na sa ya sayi takalmin roba ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Ranar da bututu ya fashe watan jiya ya riga ni isa wurin, amma don gwiwa ce, ba don wani abu ba.

Takardar ta iso bayan mako uku, da tambari mai ruwan zinare. Tana rataye a bangon matakala, daidai saman kaina. Na ji wasu a gari na cewa ba cin ta na yi ba, wai tausayi aka yi, wai ta halarta ce kawai irin wadda ake raba wa kowa. To ga ni ga su. Ina nan daga takwas zuwa huɗu, ban da Lahadi. Duk mai shakka ya zo da tabaraunsa, in sa a sauko masa da ita, ya tsaya a gabana ya karanta da ƙarfi tun daga sama har tambari, ma'aikata na ji. In ya sami inda aka rubuta tausayi, in tashi in ba shi kujerar. In bai samu ba, ya sake karantawa daga farko, a hankali, don ina jin daɗin wurin da sunana yake.